Kada a Bar Mai Shan Ƙwaya Ya Mutu Cikin Barci

Kowace shekara, ran 26 ga watan Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1987 domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi, akan tara jama'a, a yi jawabai, a nuna abin da aka kama, wani lokaci a cinna masa wuta gaban manyan baƙi. Wannan aiki ne mai kyau, kuma ƴan sanda da jandarmomi da ƴan duwan da ke yin sa sun cancanci yabo. Amma akwai wani gefe na maganar wanda ba a cika taɓawa ba a wurin taro, watau saurayin da ya haɗiyi ƙwaya da dare, ya kwanta a zaure ko bayan shago, abokansa suka ce a bar shi ya huce, da safe aka tarar ya cika. Irin wannan mutuwa ana iya hana ta. Abin da ake bukata shi ne mutanen da ke kusa su gane alamunta, su san abin yi cikin mintocin farko, kuma kada tsoron hukuma ko kunyar idon jama'a su hana a kai shi gidan likita.

Ƙwayar da ta fi yaɗuwa a jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, har zuwa Yamai da Agadas, ita ce tramadol, wadda jama'a ke kira tramol. Asalinta maganin ciwo ce na gaskiya. Wani kamfanin ƙasar Jamus ne ya harhaɗa ta a 1962, aka fara sayar da ita a 1977, kuma har yau likitoci suna rubuta ta ga wanda aka yi wa aiki ko wanda ya samu karaya. Tana cikin dangin magungunan da ke aiki a jiki irin aikin ofiyom, dangin da ya haɗa morfin da kodin da heroyin da fentanil. A farmasi ƙwaya ɗaya takan zo da nauyin miligiram 50 ko 100, kuma ƙa'idar likita ita ce babban mutum kada ya wuce miligiram 400 a yini guda. Wadda ake sayarwa a tasha da kasuwa da farantin masu talla kuwa, akwai ta 120, akwai ta 200, akwai ta 225, har da ta 250. Ke nan ƙwaya biyu na 225 sun riga sun zarce iyakar yini, alhali wanda ya saba yakan zuba fiye da haka cikin kofin shayi ko kafe tun kafin rana ta ɗaga.

Mafi yawan wannan ƙwaya a ƙasar Indiya ake yin ta. Jiragen ruwa ke sauke ta a tashoshin bakin teku irin su Kwatano da Lome da Legas, daga nan ta hau mota da babur ta yi arewa. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500, kuma ba kowace hanya ce ke da shingen duwan ba. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, watau ONUDC, ya ba da labari cewa a 2016 kashi 87 bisa 100 na irin waɗannan magunguna da aka kama a duniya baki ɗaya, a yammaci da tsakiya da arewacin Afirka aka kama su. A watan Satumba na 2017 an kama ƙwaya fiye da miliyan 3 a nan Nijar, an ɗure su cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, ana shirin wucewa da su arewacin Mali. A watan Afrilu na 2018 gwamnatin Indiya ta sa tramadol cikin jerin magungunan da ake tsananta wa tsaro. Ba a daɗe ba sai ƴan fatauci suka sauya kaya, suka shigo da wata ƙwaya mai suna tapentadol, wadda ta fi tramol ƙarfi, an gauraya ta da wani magani mai sakin jijiyoyi da ake kira karisoprodol. Ita ma Indiya ta hana yin wannan haɗi a watan Fabrairu na 2025. Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake: idan aka toshe wata kafa, ƴan kasuwar sukan buɗe wata, kuma mai saye a bakin titi bai san abin da ke cikin ledar da aka miƙa masa ba, ko da launinta da sunanta sun yi kama da na jiya.

Kuskure ne a ɗauka cewa ƴan iskan gari kaɗai ke shan tramol. Da yawa daga cikin masu shanta mutane ne masu neman na kansu: ƴan kabu-kabu, ƴan dako, ƴan ga-ruwa, direbobin manyan motoci, masu haƙar zinariya a wurare irin su Jado da Ɗan Isa, da manoma lokacin da aikin gona ya yi tsanani. Suna shanta ne don kada su ji gajiya da yunwa da ciwon jiki. Akwai kuma ƴan makaranta, akwai matan aure. Farkon abin ƙwaya ɗaya takan isa. Bayan ƴan makonni jiki ya saba, sai biyu, sai huɗu, kuma ranar da ba a samu ba sai ciwon gaɓɓai da gumi da zawo da rashin barci su taso, har mutum ya koma sha don kawai ya iya tashi tsaye. A maƙwabciya Najeriya binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba da umurnin likita ba, kuma a watan Mayu na wannan shekara ne gwamnatin ƙasar ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kasuwa ɗaya ce ke ciyar da ɓangarorin iyaka biyu. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ya kamata kowa ya fahimci yadda ƙwayar ke kisa, domin daga nan ne ake gane hanyar ceto. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani wuri da ke ba huhu umurnin numfashi, ko mutum yana farke ko yana barci. Magungunan dangin ofiyom suna danne wannan wuri. Idan sun yi yawa a jini sai numfashi ya riƙa raguwa, daga sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wanda shi ne ƙa'idar babban mutum, ya sauko ƙasa da 10, ya yi ta ja baya har ya tsaya. Ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa bayan minti huɗu ko biyar ba iska. Tramol tana da wata illa ta biyu da ta bambanta ta da sauran danginta: takan kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba. Idan jijjigar ta kama mutum bisa babur, ko bakin rijiya, ko cikin ramin zinariya, faɗuwar kaɗai ta isa ta kashe shi. Hanya ta uku ita ce amai, wanda kan koma cikin huhun wanda ke kwance rigingine bai san inda kansa yake ba.

Haɗarin yakan ninka idan aka haɗa tramol da giya, ko da ƙwayoyin barci irin su diazepam, ko da maganin tari mai kodin, domin dukansu wuri ɗaya suke dannewa. Yakan ninka ga mai ciwon hanta ko ƙoda ko asma. Yakan ninka ga wanda ke sha shi kaɗai a ɗaki ya kulle ƙofa. Akwai kuma wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba: wanda ya daina sha na ɗan lokaci, ko don ya yi zaman gidan kaso, ko don ya kwanta asibiti, ko don ya yi niyyar tuba, jikinsa ya riga ya manta sabon da ya yi. Idan ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, wannan adadi yana iya zama ajalinsa. Saboda haka makonnin farko bayan fitowa daga kaso suna cikin lokutan da suka fi kowane haɗari. Haka nan ƙwaya guda da aka bari ƙarƙashin matashin kai tana iya halaka ƙaramin yaron da ya tsince ta.

Alamun da likitoci suka dogara da su guda uku ne. Ta farko, mutum ba ya farkawa: a kira sunansa da ƙarfi, a girgiza kafaɗarsa, a murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu, bai motsa ba. Ta biyu, numfashinsa ya yi ƙasa ƙwarai, ko yana yankewa, ko ana jin wani irin minshari mai kakari a maƙogwaro. Ta uku, idan aka buɗe fatar idonsa, baƙin da ke tsakiyar ido ya tsuke ya koma kamar tsinin allura. Sau da yawa leɓɓa da farata sukan yi duhu ko toka-toka, jiki ya yi sanyi da danshi. Wannan minshari shi ne ya fi yaudarar mutane, domin suna jin sa sai hankalinsu ya kwanta, su ce barci ne ya yi nauyi. Wanda ya sha ƙwaya kuma aka kasa tashinsa, a ɗauke shi a matsayin wanda ke bakin mutuwa har sai likita ya ce ba haka ba.

Abin yi ba shi da wuya, kuma ba ya bukatar kuɗi. Mutum ɗaya ya ruga neman abin hawa, ko ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 inda akwai su, wani kuma ya tsaya wurin marar lafiya. Idan yana numfashi, a kwantar da shi bisa gefe ɗaya, a lanƙwasa gwiwar ƙafar da ke sama don kada ya mirgina, a ɗan ɗaga haɓarsa, bakinsa ya karkata ƙasa yadda amai zai fita waje. Idan numfashin ya tsaya ko ya kusa tsayawa, a kwantar da shi rigingine, a duba bakinsa a fitar da abin da ya toshe, a ɗaga haɓa, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki sau ɗaya kowace daƙiƙa biyar, ana duba ƙirjinsa yana tasowa. Idan jijjiga ce ta kama shi, a kawar da wuta da ƙarfe da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa tsumma ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko icce a baki. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko man ja ko ruwan tsamiya, domin huhu za su shiga. Kada a sheƙa masa ruwa a tafi a bar shi. A ɗauki ledar ƙwayar da ya sha a tafi da ita, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da aka sha da lokacin da aka sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai magani na musamman da ke karya ƙarfin dangin ofiyom, sunansa nalokson. An fara aiki da shi tun 1971, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS. Allura ce ƙarama ta miligiram 0.4 da ake yi a cinya ko dantse, akwai kuma wanda ake fesawa a hanci. Cikin minti biyu ko uku yakan ture ƙwayar daga inda ta maƙale a ƙwaƙwalwa, numfashi ya dawo; in bai dawo ba a ƙara. Ba ya sa maye, saboda haka ba shi da kasuwa wurin mashaya. OMS ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen dubu 125 suka mutu a duniya saboda shan dangin ofiyom fiye da kima, kuma tun 2014 ta ba da shawara cewa duk wanda ake zaton zai iya tarar da irin wannan haɗari, ɗan uwa ne ko aboki ko ma'aikaci, a ba shi nalokson a koya masa aiki da shi. A Amurka, inda mutuwar ƙwaya ta haura dubu 100 a kowace shekara daga 2021 zuwa 2023, mafi yawa saboda fentanil, an yarda a watan Maris na 2023 a riƙa sayar da na fesawa a hanci ba tare da takardar likita ba. A 2024 adadin ya sauko zuwa wajen dubu 80, kuma yaɗa nalokson yana cikin dalilan da masana suka ambata.

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar wannan magani. Ƙarfinsa yakan ƙare bayan minti 30 zuwa 90, alhali ƙwayar tana nan cikin jini, saboda haka wanda ya farfaɗo yana iya sake suma. Ba ya karya ƙarfin giya ko diazepam. Ga wanda ya sha tramol, yana taimakon numfashi amma ba ya tsayar da jijjiga, wadda ke bukatar wani magani dabam a hannun ma'aikacin lafiya. Don haka ko an yi allurar, ko mutum ya tashi zaune yana cewa ya warke, tafiya gidan likita ba ta faɗi ba. Abin da ya dace da Nijar shi ne Ma'aikatar Kiwon Lafiya ta tabbata akwai nalokson a kowane asibiti da kowane gidan likita na CSI, da cikin motocin ɗaukar marasa lafiya da na ƴan kwana-kwana, da ɗakunan shan magani na gidajen kaso, kana a koya wa ma'aikata aiki da shi da kuma maganin jijjiga. Wuraren haƙar zinariya da manyan tashoshin mota su ne ya kamata a fara da su.

Magani a kan kanta ba ya ceton wanda ba a kawo ba. Abu biyu ke hana a kawo: tsoro da kunya. Abokan shan ƙwaya suna tsoron kada su kai ɗan uwansu asibiti a riƙe su, sai su gudu su bar shi, ko su jira gari ya waye. Iyaye kuma suna kunyar a ce ɗan gidan wane ɗan ƙwaya ne, sai su rufe ƙofa su ce iskoki ne suka taɓa shi. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ta tanadi hukunci mai tsanani ga masu fatauci, kuma daidai ne a zartar da shi a kansu. Amma wanda ya goyo abokinsa bisa babur ya kawo shi ƙofar asibiti ceton rai ya yi, kuma dokar ƙasa da kanta tana hukunta wanda ya ga mutum cikin haɗarin mutuwa ya ƙi kai masa agaji alhali yana iyawa. Ƙasar Kanada ta yi doka a 2017 wadda ta hana a tuhumi wanda ya kira agaji da laifin riƙe ƙwayar shansa. Ya dace mahukuntan shari'a da shugabannin ƴan sanda da jandarma su ba da umurni a rubuce mai irin wannan ma'ana, a karanta shi a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, har kowane matashi ya ji cewa ƙofar asibiti ba tarko ba ce.

Har ila yau akwai maganar lissafi. Bisa al'ada akan yi jana'iza cikin ƴan awoyi, a ce wane ya kwanta lafiya bai tashi ba, ko zuciyarsa ce ta buga, ko haɗarin babur ne. Ta haka mutuwar ƙwaya ke ɓacewa cikin sauran mace-mace, hukuma kuwa ba ta ware kuɗi ga abin da ba ta gani a takarda ba. Ya kamata kowane gidan likita ya riƙa rubuta adadin waɗanda aka kawo saboda ƙwaya, da irin ƙwayar, da shekarunsu, da yadda aka ƙare, ba tare da an fallasa sunan kowa ba, a riƙa aika rahoton zuwa jaha kamar yadda ake yi da sanƙarau da ƙyanda.

Wanda aka ceto yau, idan aka sallame shi ba tare da wani taimako ba, gobe zai koma. Sabon ƙwaya ciwo ne da ke sauya aikin ƙwaƙwalwa, kuma duka da ɗauri da mari ba su warkar da shi. Abin da sukan yi shi ne su raba mutum da ƙwaya na ɗan lokaci, su sake shi cikin haɗarin da aka ambata a sama. Hanyar likita ita ce a rage adadi sannu a hankali, a yi maganin ciwon jiki da rashin barci, a riƙa ganawa da marar lafiya da iyalinsa, a taimake shi ya koma sana'a. Ƙasar Senegal ta buɗe cibiyar kula da mashaya a asibitin Fann na Dakar a ƙarshen 2014, inda ake ba masu shan heroyin maganin metadon kowace rana ƙarƙashin kulawar likita. Nijar tana bukatar irin wannan wuri a kowace babbar jaha, wanda mutum zai shiga da ƙafarsa ba tare da an kira shi mahaukaci ba.

A cikin wannan yaƙi kada a manta da masu ciwo na gaskiya. Mai ciwon daji, da yaron da ciwon emasi ya tasar wa cikin dare, da matar da aka yi wa aiki, suna bukatar morfin ko tramadol, kuma Afirka tana cikin sassan duniya da marasa lafiya suka fi rasa maganin ciwo mai tsanani. Idan tsaro ya yi yawa har farmasi ta ji tsoron ajiye maganin, waɗannan bayin Allah ne za su sha wuya, wasunsu kuma su koma wurin mai faranti. Ƙa'ida ita ce magani ya fito daga farmasi da takardar likita, a kuma kawar da shi daga tasha da kasuwa.

Lokacin shiri kuwa yanzu ne. A ƙasar Saliyo wani haɗi da ake kira kush ya yi ɓarna har shugaban ƙasar, Julius Maada Bio, ya kafa dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilu na 2024, kuma gwajin da aka yi ya gano a cikinsa akwai nitazen, wani sabon dangin ofiyom wanda wasu ire-irensa suka fi fentanil ƙarfi. Hanyar da tramol ta biyo ta iso Sahel, ita ce kowace sabuwar ƙwaya za ta biyo.

Aikin ya rabu, kowa da nasa. Gwamnoni da magadan gari su sa maganar cikin tsarin aikinsu da kasafinsu. Sarakuna da masu gari da masu unguwa da limamai su gaya wa iyaye cewa kai yaro asibiti ya fi ɓoye shi. Shugabannin ƴan kabu-kabu da na tasha da na fadojin samari su nemi ma'aikacin lafiya ya zo ya nuna masu yadda ake kwantar da wanda ya suma da yadda ake hura masa iska, abin da ba zai ci fiye da awa ɗaya ba. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci kuma, ya karanta alamun nan uku ga waɗanda ba su iya karatu ba, a zaure da majalisa da wurin biki, har su zauna a kan kowa: ba ya farkawa, numfashi ya yi ƙasa, baƙin ido ya tsuke. Duk inda aka ga waɗannan, a juya shi bisa gefe, a tsaya tare da shi, a nemi abin hawa nan take.